Tasar Iya Tambara

Bakwai saura kwata nake tada babur,
Zuwaira a baya, jakarta ta fi ta faɗi.
Mu ratsa Bagalam, mu wuce hayaƙin masu ƙosai,
mu kauce wa amalanken da ke haurowa daga gulbi da tumatir,
har ƙofar makarantar nan mai shuɗin fenti
inda Ɗan Jimma mai gadi ke gaida yara da harshe uku,
shi da bai taɓa zama aji ba.

Da safe Ingilishi, bayan azahar Sifaniyanci.
Haka takarda ta ce, na sa hannu,
na ƙirga musu abin da buhun aya goma sha biyu ya haifa,
na koma kasuwa aljihu na ƙaiƙayi.

Mu a lakwal ɗinmu ta Mokoyo
ƙashin jaki ne da igiya.
Wanda Hausa ta kuɓuce wa a baki, shi ke rataya shi.
Na rataya shi ranar da kunama ta harbe ni ƙarƙashin tebur
na ce wayyo Allah.
Mushe ya ce ko ihu akwai na Faransanci.

Shekara talatin ban tuna da igiyar ba
sai daren Laraba.
Iya Tambara a gaban murhu, ruwan tuwo na tafasa,
ta ce, ƴar nan, miƙo mini muciya.
Zuwaira ta tsaya tsakar gida tana duban kayan girki ɗaya ɗaya,
ta kawo ludayi.
Iya ba ta ce komai ba. Ta tashi da kanta, gwiwa na ƙara.
Ni kuwa na shafa wuyana.
Wa ya rataya wa wa, wannan karon?

Asabar, ƙarƙashin dalbejiya, yarinya na bitar karatu,
tana bin hoto da yatsa.
Tasa, in ji ta.
Iya ta ɗago daga tsintar wake: me kika ce?
Tasa, Iya. Abin shan shayinsu ke nan.
To, gaba.
Asukar.
Sukari dai. Gaba.
Alkalde, shugaban gari.
Iya ta ajiye faifai: alƙali ne suka ƙara wa girma!
Ohala, wato Allah ya sa.
Amin, in ji Iya, kafin ta ankara.

Ta yi shiru, ta ɓantari goro.
Su waɗannan mutane, wa ya kai musu kayanmu?

Malama Pilar ta ce ba a kai musu ba.
Wuri ɗaya kalmomin suka taso,
wasu suka hau jirgin ruwa, wasu suka hau raƙumi.

Ashe, in ji Iya,
fatake ne da suka rabu a mararraba,
ba wanda ya sake jin labarin wani
sai a bakin jikata.

Ban ce tsorona ya tafi ba.
Jiya ma na ji ta tana ƙirgen awaki da Ingilishi,
kuma na san watan gobe akwai wasu buhunan.

Amma yau Litinin, Iya ta riga mu tashi.
Ta goge tsohuwar tasarta, mai lotsawa a gefe,
wadda ta zo da ita daga Jiratawa tun ban san kaina ba,
ta cusa ta a jaka tsakanin littattafai.
Ta ɗauko muciya, ta cusa ita ma.
Nuna wa malamarku tasa, ta ga ta gaske.
Wannan kuma tambaye ta sunanta.
In ba su da shi, ki ba su namu, ba rance ba.

Ga mu kan hanya.
Jakar ta ƙi rufuwa, ta rungume ta a gaba,
kan muciya ya leƙo waje,
duk ramin da muka faɗa sai ya zungure ni a baya.
Zuwaira na maimaitawa cikin iska, don kar ta zube a hanya:
muciya, muciya, muciya.